Yadda ake kamo kifi mai fitila daga zurfin teku, a gane shi, a adana shi bai lalace ba

Kifi mai fitila, wanda masana ke kira Melanocetus johnsonii, bai kai girman da hotunansa ke sa mutum ya zata ba. Macen da ta ƙasaita da wuya ta wuce santimita 18, yawancin waɗanda ke shiga raga kuwa tafin hannu ya ishe su kwanciya. Baƙa ce wuluk, kai ya rinjayi jiki, baki a wangale yana kallon sama, cike da haƙora sirara kamar allurai. A goshi akwai wani tsinke mai ɗan ƙullutu a kansa, ƙullutun nan shi ne fitilar da take yaudarar abincinta da ita. Albert Günther ne ya raɗa mata suna a 1864, daga wadda James Yate Johnson ya samo a tsibirin Madera. Danginta sun haura iri 160 a gidaje 11, kuma kusan duk abin da aka sani a kansu daga waɗanda aka zuba a kwalba aka san shi. Ganinsu da rai a muhallinsu abu ne mai wuya, shi ya sa duniya ta ɗauka a 2014 lokacin da masu binciken cibiyar nazarin teku ta MBARI da ke Kalifoniya suka ɗauki bidiyon wata tana iyo a wajen mita 600 a kwazazzabon Monterey.

Tunda kwalba ce makarantar, rabin sa'ar farko bayan raga ta hau jirgi ita ce komai. A nan ake ceto ilimin ko a zubar da shi. Kowane mataki da za a bi a ƙasa, jikin kifin da wurin zamansa ne suka tilasta shi.

Fara da sanin inda yake zaune

Hasken rana mai amfani yana ƙarewa wajen mita 200. Daga nan zuwa mita 1,000 sai wani dishi-dishi mai shuɗi, ƙasa da haka kuma duhu ne ƙirin, in ban da hasken da halittu ke yi da jikinsu. Melanocetus johnsonii an fi samunsa daga 'yan ɗaruruwan mita zuwa wajen 1,500, ɗan'uwansa Melanocetus murrayi kuma ya fi shi nutsawa. Ba a ƙasan teku suke kwanciya ba. A tsakiyar ruwa suke rataye, babu ƙasa babu sama, don haka ragar da ake ja a kan laka ba ita ce kayan aikin ba.

Duk mita 10 da aka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu. A mita 1,000 ya kai ninki 100. Sanyi kuma yana wajen digiri 4 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas. Mutane da yawa suna zaton rage matsi ne ke kashe kifin nan in an fito da shi, har su ce fashewa yake yi. Ba haka ba ne. Abin da ke kumbura in matsi ya ragu iska ce, shi kuwa ba shi da jakar iskar da sauran kifaye ke daidaita nauyinsu da ita. Abin da ke hallaka shi biyu ne: ɗumin ruwan sama, wanda a yankuna masu zafi yake haura digiri 25, da kuma gogayya a cikin raga.

Abinci a can ƙasa kaɗan ne ƙwarai, sai jikinsa ya zama na tattali. Tsoka ruwa-ruwa, ƙashi mai laushi, numfashi a hankali, motsi sai dole. Wannan laushin shi ya sa ba ya jure riƙon hannu.

Raga da yadda ake janta

Ragar da ta dace ita ce mai buɗewa da rufewa a zurfin da aka zaɓa. Biyu sun shahara: RMT 8, mai baki murabba'in mita 8 da ido milimita 4.5, da MOCNESS, wadda ke ɗauke da raguna da dama a firam ɗaya, ana rufe wannan a buɗe wancan daga kan jirgi. Tsohuwar ragar Isaacs-Kidd tana kamu, amma bakinta a buɗe yake tun daga sauka har hawa. In ka ga kifi a cikinta, ba ka da hujjar cewa a mita 1,200 ya shiga, wataƙila a 300 ne lokacin da ake jawo ta. Zurfin da aka rubuta daga irin wannan raga iyaka ce kawai, kuma haka ya kamata a rubuta shi.

A ja da saurin kilomita 3 zuwa 4 a sa'a. In aka ƙara wuta, ruwa zai danne kamun a gindin raga ya saɓule fata. In aka yi sanyi da yawa, bakin raga ba zai tsaya daidai ba, masu kuzari su fice. Wayar da za a sake kullum ta fi zurfin tsawo saboda a karkace take: in ta kwanta digiri 45, mita 1,000 na zurfi suna cin waya wajen mita 1,400. Wannan lissafin na shiri ne kawai. Zurfin gaskiya daga na'urar auna matsi da ke ɗaure a firam ɗin raga ake karanta shi.

Kada a tsawaita ja don kwaɗayin kamu mai yawa. Kifin nan a warwatse yake, ana iya jan raga sau da yawa ba a ga ko ɗaya ba, amma ja na sa'a ɗaya ko biyu da ya fito da guda lafiyayye ya fi ja na sa'a shida da ya fito da uku a dagargaje. Gindin raga ya zama bokiti mai tauri wanda ke riƙe ruwa, in da hali mai rufin da ke tsare sanyi, yana rufewa tun a ƙasa. Ƙananan jatan lande masu ƙaya da ke cika raga su ne ke karce fatar kifin in aka bar su suna cuɗanya.

In aikin a cikin ruwan wata ƙasa ne, wato cikin mil 200 na teku daga gaɓarta, dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sai da izininta, kuma a miƙa bayanin aikin wata 6 kafin a fara.

Da raga ta hau

Kafin firam ya taɓa jirgi, a riga an shirya farar roba mai faɗi cike da ruwan teku mai sanyin digiri 4 ko 5. Ƙanƙarar da za a sanyaya shi da ita ta kasance a ƙulle cikin leda, don in ta narke a ciki za ta tsinka gishirin, fata ta kumbura. A juye bokitin a hankali a cikin ruwan, ba a kan rariya ba.

Kada a ɗauki kifin da hantsaki, kada a kama shi ta tsinken goshi. A sa babban cokali ko ƙaramin kofi a ɗebo shi da ruwansa. Fatarsa ba ta da ɓawo, siririya ce, kuma in ta taɓa busasshen hannu ko tawul sai ta biyo shi, a bar farin nama a fili. Baƙin nan nata ba ado ba ne. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa fatar wasu kifayen zurfi, ciki har da wani ɗan wannan dangi, tana shanye sama da kashi 99.5 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, ta yadda hasken fitilarsa ba zai haska jikinsa ya tona masa asiri ba. A kan fatar kuma akwai ƙananan tsiro a jere, su ne gaɓoɓin jin motsin ruwa, da su yake gane abu ya matso. In fata ta tafi, duka wannan ya tafi.

Idan yana da sauran rai, a kai shi ɗaki mai duhu da sanyi, a jira idon mutum ya saba na wasu mintuna, a duba fitilar. Haskenta shuɗi ne mai ratsin kore. A rubuta ko a tsaye yake ko yana walƙiya, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Bayan haka sai hoto: gefen hagu, a cikin ruwa, da ma'auni a gefe da lambar kifin a rubuce. Baƙar fata tana rikita kyamara, sai hoton ya fito dunƙule babu fasali, don haka a haska daga gefe biyu a karkace maimakon daga gaba.

Fitilar, a duba ta tun tana ɗanya

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Tsinken goshin asalinsa ƙaya ce ta farko ta fiffiken baya, wadda ta matso gaba ta zama sandar fatsa. Tana zaune a kan wani ƙashi da ke kwance cikin kai, kuma a wasu irin ƙashin yana zamewa gaba da baya, kifin ya miƙa tarkonsa ko ya jawo shi kusa da baki. Ƙullutun da ke kai ɗan ɗaki ne mai baƙin bango, da shimfiɗa mai mayar da haske a ciki, da taga mara launi inda hasken ke fita. Kifin ba shi ke yin hasken ba. Bakteriya ne ke zaune a ɗakin, na jinsin Enterovibrio, kuma akwai ɗan rami da ya haɗa ɗakin da ruwan waje.

Dalilin kulawar shi ne, a gidaje da dama na wannan dangi, siffar fitilar ita ce babbar hanyar raba iri da iri. Jikin wasu ya yi kama ƙwarai, amma wannan fitilarsa na da zare biyu a baya, wancan na da tuntu a gaba, wani na da tsiro mai rassa. Waɗannan zarurrukan sun fi gashi laushi. In suka bushe na minti kaɗan sai su manne, in sun shiga fomalin, maganin da ake adana kifin da shi, a cukurkuɗe haka za su sandare har abada. Don haka a sa kan kifin a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana nutse a ruwa, a ware zaren da tattausan burushi ko da feshin ruwa daga sirinji, a ɗauki hoto daga gefe, daga gaba da daga sama, sannan a zana da fensir. Zane yana tilasta wa ido ya ƙirga abin da hoto ke bari a wuce.

Kifin da fitilarsa ta tsinke a raga sau da yawa ba a iya kai shi ga sunan iri, sai dai a tsaya a jinsi. In haka ta faru, a tace ruwan bokitin a nema. Takan kasance a ciki.

Gane wane ne

Da farko a juya shi a duba ciki. 'Yan wannan dangi manya ba su da fiffiken ciki guda biyu. In akwai su, kuma jikin a baje yake, to ɗan'uwansu ne na ƙasan teku, ba na tsakiyar ruwa ba. Ramin numfashi ƙarami ne, yana kusa da gindin fiffiken ƙirji.

Sai a ƙirga tsinkayen fiffike, da haske daga baya don su fito. Melanocetus yana da tsinkaye da yawa a fiffiken baya, 12 zuwa sama, alhali na ƙasa kusa da wutsiya yawanci 4 ne kacal. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya ware shi daga sauran gidaje. Tsakanin johnsonii da murrayi kuwa, a buɗe baki a duba ƙashin da ke gaban ganɗa: gefensa na gaba kusan miƙaƙƙe ne a johnsonii, a murrayi kuma ya lotsa ciki sosai. In an ga wasu ƙulluttai masu kama da kulki a baya gaban fiffike, an shiga wani gida: biyu na Ceratias ne, uku na Cryptopsaras couesii. Gemu a haɓa alamar Linophryne ce. Sandar fatsa da ta kai ko ta wuce tsawon jiki, a jiki mai tsawo, tana nuna Gigantactis, wanda aka gani a bidiyo yana iyo ciki sama.

Awo na asali daga ƙarshen leɓen sama ne zuwa gindin wutsiya, inda ƙashin baya ya ƙare, ban da tsinkayen wutsiyar saboda sukan karye. A auna da milimita tun yana ɗanye, don zai tsuke a magani. A ƙara da tsawon sanda, faɗin fitila da tsawon haƙori mafi tsawo a muƙamuƙin ƙasa. Haƙoran suna kwantawa ciki in an danna su, ba sa kwantawa waje, abin da ya shiga ba ya fita. A yi hattara, suna karyewa da ɗan taɓi.

Kada a zubar da namiji

Duk bayanin da ya gabata na mace ne. Namiji wani abu ne dabam: ba fitila, ba manyan haƙora, a Melanocetus bai kai santimita 3 ba. Yana da manyan kafofin hanci don bin ƙanshin mace, da wasu 'yan ƙugiyoyi a ƙarshen leɓe don kama ta. Wanda bai sani ba zai share shi tare da tarkacen raga. Namijin Photocorynus spiniceps an same shi da tsawon milimita 6.2, don haka duk ɗan baƙin abu ko fari mai siffar kifi a ware shi a duba.

A kuma bi jikin macen da ido, musamman ciki. In an ga wani abu a manne kamar kaska, kada a cire. A 1922 Bjarni Sæmundsson na Ayislan ya ga ƙananan kifaye manne a fatar cikin wata Ceratias ya ɗauka 'ya'yanta ne. A 1925 Charles Tate Regan ya yanka irinsu ya gano mazaje ne. A Ceratias, Cryptopsaras da Linophryne, namiji yana cizon mace, naman bakinsa ya haɗe da nata, jininsu ya haɗu, idonsa ya lalace, ya rayu da abin da ta ci. An taɓa samun har 8 a jikin Cryptopsaras guda. Binciken 2020 a mujallar Science ya nuna cewa irin masu wannan haɗewar sun rasa wasu ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, waɗanda da suna nan da jikin macen ya ƙi baƙon nama. Melanocetus ba ya haɗewa, kamawa yake na ɗan lokaci ya saki, saboda haka in an same su tare a raba su da sauran kamu nan take a sa su kwalba ɗaya.

'Ya'yan kuma a sama suke, cikin mita 200 na farko inda abinci yake, jikinsu a kumbure cikin fata garai-garai kamar balan-balan. Sai sun fara sauya kama suke nutsawa. Masanin kifi Erik Bertelsen ya dogara ƙwarai da irin waɗannan ƙananan, daga kamun jirgin Dana na Denmak, wajen haɗa maza, mata da 'ya'ya a aikinsa na 1951.

Yanka nama, sannan magani

Tsarin ba ya juyuwa: naman gwajin DNA kafin fomalin, domin fomalin yana kakkarya DNA. A yanki tsoka kamar ƙwayar shinkafa biyu daga gefen dama, a bar hagu lafiya don hoto da awo. A sa a etanol mai ƙarfin kashi 95, etanol ɗin ya ninka naman aƙalla sau 10. Tsokar kifin nan ruwa ce, za ta tsinka etanol ɗin, don haka a sauya shi bayan sa'a 24. A wanke almakashi da hantsaki tsakanin kifi da kifi.

Fomalin na kashi 10 shi ne awo 1 na fomalin ɗin kasuwa, mai ƙarfin kashi 37, da awo 9 na ruwa. In an bar shi haka yakan yi tsami da lokaci, ya cinye ƙashi mai laushi da duwatsun kunne. Ana daidaita shi da gishirin fosfet: a kowace lita, giram 4 na mai sodiyam ɗaya da giram 6.5 na mai sodiyam biyu. Mai buƙatar duwatsun kunne ya fi kyau ya cire su tun da fari ya adana a bushe, amma a kifin da ba a da irinsa da yawa, gara a bar kan ba a fasa ba. Fomalin yana jawo ciwon daji kuma yana ƙona ido da huhu. A sa safar hannu ta naitiril da tabarau, a yi aikin inda iska ke wucewa.

A kwantar da kifin a faranti mai zurfi, a miƙe jiki, a buɗe fiffike, a daidaita sanda da zaren fitila, a buɗe baki kaɗan, sannan a zuba maganin a hankali daga gefe. Cikin sa'o'in farko yake sandarewa, kuma yadda ya sandare haka zai zauna. Wanda ya wuce santimita 10, ko mai cike da ciki, a yi masa allurar fomalin a cikin ciki ta gefen dama, in ba haka ba ruwan narkar da abinci zai ci gaba da aiki ya ruɓar da shi daga ciki kafin magani ya ratsa. Bayan ya yi tauri a mayar da shi kwalba mai faɗin baki, kai ƙasa ba zai yi ba saboda sanda, a cika ta maƙil don kada tangaɗin jirgi ya riƙa buga shi da bango. Mako guda ya isa.

Daga nan a jiƙa shi a ruwa a fitar da fomalin, a hau da shi etanol daki-daki: kashi 25, sai 50, sai 70, kwana ɗaya ko biyu a kowanne. Wanda aka jefa kai-tsaye cikin kashi 70 zai yamutse, ruwan jikinsa ya fice da sauri, fitila ta motse. A ajiye kwalbar a duhu, haske yana mayar da baƙin ya koma ruwan ƙasa.

Cikinsa yana buɗewa har ya haɗiye kifin da ya fi shi tsawo, kuma akan samu ƙananan jatan lande da kifaye masu ɗigon haske a ciki. Sai dai a lura: wanda aka tsare a gindin raga da ɗaruruwan halittu yana iya haɗiyar abin da bai farauta ba. Abin da aka samu sabo fil a baki ko maƙogwaro, babu alamar narkewa, a rubuta shi dabam da wanda ya fara narkewa a tumbi.

Takardar shaida tana shiga cikin kwalbar, ba a manna ta a murfi ba, don murfi yana musanyuwa. A rubuta da fensir a takardar da ruwa ba ya ci, tawadar biro etanol zai wanke ta. A sa sunan jirgi, lambar tasha da ta raga, kwanan wata, lokacin buɗe raga da rufe ta, wurin farawa da gamawa a layukan taswira, zurfi mafi ƙaranci da mafi yawa, zafin ruwa a wannan zurfin, da irin ragar. Lamba ɗaya ce za ta bi kifin, da naman DNA, da hoton, da zanen fitilar, kuma a rubuta ta a littafin tasha kafin a sake jefa raga.